Yadda Ake Shigo da Na'urorin Asibiti Najeriya a Kai Su Karkarar Kano da Jigawa

Duk wanda ya leƙa sito a asibitocin ƙananan hukumomin Kano da Jigawa zai tarar da na'urori a jibge, wasu ko ledarsu ba a gama ɓarewa ba: na'urar awon suga da tsinkenta ya ɓace a kasuwa, injin oksijin da ƙura ta toshe, na'urar sikanin da wutar janareta ta ƙone. An biya kuɗinsu, amma mara lafiya bai amfana ba, wanda ya kawo su kuma ba a sake nemansa ba. Takardun hukuma suna fitar da kayanka daga tashar jirgin ruwa, amma abin da zai zaunar da kai a kasuwar nan shi ne kayan su ci gaba da aiki a Birniwa ko Doguwa bayan shekara biyu. Saboda haka ake fara lissafi daga ƙauyen a dawo baya zuwa masana'anta.

Fara da zagayen asibitoci

Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, Jigawa tana da 27 da mazaɓu 287. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya na matakin farko, BHCPF, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da nufin a samu asibitin matakin farko guda mai aiki a kowace mazaɓa. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun asibitin kai tsaye. Ga manyan asibitoci irin na Hadejia, Gumel, Ringim, Kazaure, Bichi, Gaya da Rano. Ga ƙananan asibitocin kuɗi, ɗakunan gwajin jini, da masu kemis waɗanda su ne mutumin ƙauye ke fara zuwa wajensu.

Ka zaɓi ƙananan hukumomi uku ko huɗu, ka bi su da littafi. A kowane wuri ka nemi inchaji da mai kula da sito, kuma kada ka tsallake unguwarzomar da ke ɗakin awo, don ita ta fi kowa sanin abin da ke lalacewa. Tambayoyin ba su da yawa: me kuka saya da kuɗinku a wata shidan da suka wuce, a ina, nawa? Me ya lalace, me ya kashe shi? Awa nawa kuke samun wuta, ta KEDCO ce, ta janareta ko ta sola? Me gwamnati ko ƙungiyoyin agaji ke ba ku kyauta? Tambayar ƙarshen nan tana ceton jari. Kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro, alal misali, sau da yawa kyauta suke zuwa asibitocin gwamnati ta shirin yaƙi da cutar, don haka kasuwarsu tana wajen masu kemis da asibitocin kuɗi.

Ka kuma san abin da gwamnati ke son a ƙera a gida. A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta umarci manyan asibitocinta su riƙa sayen sirinji da allura daga masana'antun cikin gida, kuma a watan Yunin shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin janye haraji kan injuna da kayan haɗi na masu ƙera magani da kayan asibiti a Najeriya. Wanda ya zuba jarinsa a sirinjin waje ya shiga takara da manufar gwamnati. Ma'aunin zafi da na hawan jini masu ruwan zaiba (makuri) su ma a bar su, Yarjejeniyar Minamata da Najeriya ta shiga ta tanadi daina ƙera su da safararsu.

Zafi, ƙura da wuta

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Kafin ka tambayi farashi, ka ce a turo maka takardar bayanin na'urar, ka duba layin da ya faɗi zafin da take jurewa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a Hadejia da Gumel, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Yawancin tsinken gwaji, na suga, na fitsari, na ciki, an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. Wasu kayan gwajin zazzaɓi an yi su su jure 40. Idan akwai zaɓi, ɗauki mai 40 ko da ya fi tsada. Tsinken da ya dahu a zafi ba ya canza kama, sakamakon ƙarya kawai zai riƙa bayarwa, a sallami mai ciwo a ce lafiyarsa ƙalau.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, zagaye 50 a daƙiƙa, soket mai baki uku irin na Ingila. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, sau ɗaya za a jona su su ƙone. Wannan ya fi faruwa da kayan gwanjo. Ka rubuta ƙarfin wutar da irin filogin a cikin odar, kada ka bar shi a baki.

Ɗauki injin tace oksijin. Mai ba da lita 5 a minti yana jan kusan wat 350. Idan zai kwana yana aiki awa 12 a kan yaro mai ciwon haƙarƙari, yana buƙatar kilowat-awa 4.2. Batirin sola na gama-gari mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2.4, rabinsa kawai ake iya ja ba tare da an kashe shi da wuri ba, wato 1.2. Kenan batir huɗu ake buƙata don injin guda a dare guda, ba a ma sa fitila da fanka ba. Inbatar kuma sai mai fitar da tatacciyar wuta (pure sine wave), domin injin yana da kwamfiresa a ciki. Idan ka sayar wa asibitin da batirinsa biyu ne, da tsakar dare injin zai tsaya, laifin kuma a kanka zai faɗa. Ka haɗa kowane inji da sitabilaiza da abin kare tsallen wuta, ka sa su cikin farashin tun farko. Matatar soso da ke bayansa ana wanke ta duk mako, a lokacin hunturu fiye da haka, kuma sai ta bushe sarai a mayar, saboda haka a bar musu guda biyu. Ka zaɓi injin da ke kuka idan tsabtar iskar ta faɗi ƙasa da kashi 82 cikin 100, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Kai ma ka mallaki ma'aunin tsabtar oksijin na hannu, in ba haka ba ba za ka gane injin da ke hura iskar banza ba.

Ƙananan na'urori ma suna da nasu tarkon. Na'urar awon suga ba ta karɓar tsinken wani kamfani, wani lokaci ko na wani samfurin kamfanin guda. Ribar tana cikin tsinken, haka ma amanar. Ka tabbatar da ma'aunin da take nunawa: akwai mmol/L, akwai mg/dL, tsakaninsu ninki 18 ne, ma'aikacin da ya saba da ɗaya zai iya ruɗewa da ɗayan. Na'urar hawan jini ta zo da ɗamara aƙalla biyu, ta santimita 22 zuwa 32 da ta 32 zuwa 42, domin ƙaramar ɗamara a babban hannu tana ƙara lamba. Tunda ɗakin awo ne zai fi amfani da ita, nemi wadda aka gwada ingancinta a kan masu juna biyu. Ma'aunin oksijin na yatsa da ake sayarwa da araha na manya ne, ba ya kama yatsan jariri, alhali yara ne suka fi buƙatarsa. Na hannu mai wayar jarirai daban shi ne na asibiti. A duk inda zai yiwu, fifita mai cin batir ɗin da ake samu a kowane teburin kasuwa.

Hanya biyu ta shiga

Da farko ka yi wa kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka karɓi lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. A cikin manufofin kamfanin a rubuta shigo da kayan asibiti da rarraba su. Idan za ka haɗa da magani, wannan wani lasisi ne daban daga Hukumar Harhaɗa Magunguna, PCN, tare da ƙwararren mai harhaɗa magani.

Daga nan hanya ta rabu. Ta farko, ka zama dilan wani kamfanin Legas ko Kano wanda ya riga ya yi wa kayansa rajista. Ka karɓi kwafin takardar NAFDAC ɗinsa, ka duba lambar a kundin Greenbook na hukumar a intanet, ka ga sunan kaya da na masana'anta sun yi daidai da na jikin kwali, sannan ku rubuta yarjejeniyar yankin da aka ba ka. Ta biyu, ka yi rajistar da kanka ka zama wakilin masana'anta. Ga mai sabon jari, ta farko ta fi. Shekara guda a cikinta za ta nuna maka kaya biyu ko uku da suke tafiya da gaske, su ne suka cancanci wahalar ta biyu.

Rajistar NAFDAC

An kafa NAFDAC a 1993, kuma doka ta hana shigo da na'urar asibiti, tallata ta ko sayar da ita ba tare da rajistarta ba. Masana'antar waje ba ta nema da kanta, sai ta hannun wakili mai kamfani a Najeriya. Ana raba kayan gida huɗu gwargwadon haɗarinsu, bisa tsarin da ƙasashe da dama ke bi. Rukunin A shi ne mai sauƙi, kamar katakon danne harshe. B ya ƙunshi irin su allura da injin zuƙe majina. C ya haɗa da injin taimakon numfashi da na'urar awon suga ta gida. D shi ne mafi haɗari, kamar gwajin ƙanjamau na jinin da za a ƙara wa mutum. Gwargwadon hawan rukuni, gwargwadon hujjojin da za a nema.

Takardun da za ka tara daga masana'anta su ne: takardar wakilci da ta ba kamfaninka ikon yin rajista, mai sa hannun babban jami'insu da hatimin lauyan shaida na ƙasarsu, wadda ta ambaci sunan kowane kaya; takardar hukumar lafiyar ƙasarsu mai shaida cewa ana ƙera kayan ana kuma sayar da shi a can, wadda ofishin jakadancin Najeriya ya tantance; shaidar ISO 13485 ta tsarin kula da inganci a masana'antar; sakamakon gwajin kayan; da wasiƙar gayyatar jami'an NAFDAC su duba masana'antar. Idan kayan yana da alamar CE ta Turai, ko amincewar FDA ta Amurka, ko tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya, a haɗa, suna ƙarfafa fayil ɗin amma ba sa maye gurbin rajistar. Daga ɓangarenka kuma, takardar CAC da shaidar rajistar sunan kayan a ofishin tambarin kasuwanci na Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci. Ana cike komai a shafin NAFDAC na intanet mai suna NAPAMS, a biya ta Remita. Bayan an duba takardu ake ba da izinin shigo da samfur, a kai shi gwaji, sannan kwamiti ya zauna. Rajistar tana aiki shekara 5, kuma kowane kaya da tasa. Akwai ofisoshin hukumar a Kano da Dutse da za su ba ka haske, amma aikin kayan waje a Legas ya fi tafiya, kuma watanni yake ɗauka. Kada ka yi odar kwantena kafin takarda ta fito.

Abin da ya fi mayar da fayil baya ƙanana ne. Sunan masana'anta a takardar wakilci ya bambanta da na ISO da kalma guda. Adireshin ofis ne a wata takardar, na masana'anta a wata. Wanda ka haɗu da shi a baje-kolin Guwanzu ta ƙasar Sin ko Dubai ɗan kasuwa ne, ba shi ke ƙerawa ba, saboda haka ba shi da ikon ba ka wakilci. Takardar CE ta bogi ce ko ta ƙare. Ta gaske a kan kayan da suka wuce rukuni mafi sauƙi tana da lamba huɗu ta hukumar da ta bayar, ana iya rubuta musu a tambaya. Lakabin kwali kuma dole ya kasance da Turanci, da sunan masana'anta da adireshinta, lambar rukunin ƙira, ranar ƙira da ta lalacewa, yanayin ajiya, da gurbin lambar NAFDAC. Idan an aiko maka da tambaya ta NAPAMS, amsa da wuri, agogon aikin yana tsayawa ne har sai ka amsa.

Wani abu da 'yan kasuwarmu ke sakaci da shi: a sunan wa rajistar take? Idan ka ba wani ejan ya yi maka ya sa sunan kamfaninsa, kayan nasa ne a idon hukuma, ranar da kuka saɓa ba ka da ta cewa. Haka kuma a takardar wakilci ka nemi a rubuta cewa kai kaɗai ne wakili, na shekara nawa, da yadda za a rabu. In ba haka ba kai za ka sha wahalar buɗe kasuwa, wani ya zo ya girbe.

NAFDAC ba ita kaɗai ba ce. Injuna masu amfani da lantarki suna buƙatar takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, wadda ake farawa tun kayan suna ƙasar da aka ƙera su. Injin hoton ƙashi da duk mai fitar da tururin radiyeshan sai da lasisin hukumar kula da nukiliya, NNRA, na shigowa da na wurin da za a girka shi. Kayan gwajin jini da na fitsari kuma Hukumar Masana Gwaje-gwajen Asibiti, MLSCN, tana da hurumi a kansu a ƙarƙashin dokarta ta 2003, don haka a tuntuɓe ta tun da wuri. Talla a rediyo, wanda shi ne ke kaiwa ƙauye, shi ma sai NAFDAC ta amince da kalmominsa.

Banki, kwastan da tasha

Fom M, takardar neman shigo da kaya, ake fara buɗewa ta bankinka kafin a loda kaya, tare da takardar farashi, inshorar kamfanin Najeriya, da takardun NAFDAC ko SON. Wanda ya loda kafin ya buɗe ya sayi rigima. Lambar kwastan ta kayan ta zama daidai: 9018 ta yawancin na'urorin likita, 9019 ta kayan oksijin da numfashi, 9022 ta hoton ƙashi, 9025 ta ma'aunin zafi, 3822 ta sinadaran gwaji, 4015 ta safar hannu. Lambar ce ke yanke kuɗin fito. Ejan da ya ce zai sauya maka ita don a rage, ranar da aka kama kai za a ci tara. Kayan da ke ƙarƙashin NAFDAC daga Sin da Indiya suna buƙatar rahoton CRIA, wato binciken da wakilan hukumar ke yi a can kafin lodi. Da takardun jirgi suka iso banki, kwastan za ta fitar da PAAR, wato rahoton kimanta kaya kafin isowarsu, a biya fito, jami'an NAFDAC na tasha su duba su saki. Duk kwanan da kwantena ta ƙara bayan kwanakin alfarma, kuɗin jinkiri ne na kamfanin jirgi da na tasha, don haka takardu su riga jirgi isowa.

Kayan farko ba sa buƙatar kwantena. Ƙananan na'urori da tsinken gwaji sun fi dacewa da jirgin sama zuwa filin Malam Aminu Kano, sun huta da makonnin zafi a teku da layin Apapa. Masu batirin litiyam sai da takardar gwajin UN 38.3 kamfanin jirgi zai karɓa. Manyan kaya irin gadaje da kekunan marasa lafiya su ne na ruwa, kuma ana iya tambayar kamfanin jirgi ko zai kai har tashar tudu ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023. A biyan masana'anta, abin da aka saba shi ne kashi 30 a gaba, sauran bayan wani mai bincike da kai ka ɗauka ya buɗe kwalaye ya gwada. Ka sa a rubuce cewa tsinke ba zai baro masana'anta ba sai da mafi yawan wa'adinsa a gaba.

Canji kuma shi ne ya karya mutane da yawa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Ka sa farashi bisa abin da za ka kashe wajen sake sayo kayan, kuma takardar farashin da za ka ba asibiti kada wa'adinta ya wuce mako biyu.

Daga sito zuwa hannun mai awo

Sito ya zama mai silin da iska, kaya a kan katako nesa da bango, da ma'aunin zafi a rataye da ake rubuta lambarsa safe da la'asar. Wanda zai riga lalacewa shi ke fara fita. Tsinke ba ya tafiya a bayan a-kori-kura da rana tsaka. A sa shi cikin kula, a fita da asuba. Da damina a cika wa garuruwan fadamar Hadejia, irin su Auyo, Kirikasamma da Guri, kayan wata biyu ko uku kafin ruwa ya yanke hanya a Agusta da Satumba. Ranakun kasuwa suna rage maka yawo, Juma'a a Wudil, Alhamis a Maigatari, masu kemis na kewaye duk suna hallara. 'Yan sari kuwa tun 2024 aka mayar da kasuwar magani ta Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a hanyar Zariya, can za ka ga farashin abokan takararka.

Sayar wa gwamnati yana bi ta hukumominta: hukumar samar da magunguna da kayan asibiti, DMCSA, a Kano, a Jigawa kuma hukumar da aka saba kira JIMSO, sai hukumomin lafiya matakin farko na jihohin biyu. Za a nemi rajistar ɗan kwangila a ofishin bin ƙa'idar kwangila na jiha da shaidar biyan haraji. Odar tana da girma, biyan yana jinkiri, don haka kada bashin gwamnati ya haɗiye fiye da abin da za ka iya jira. Asibitin kuɗi a Kano ka tabbatar yana da rajistar PHIMA, hukumar kula da asibitocin kuɗi ta jihar, kafin ka girka masa babbar na'ura. Bashi a karkara ba ya kaucuwa, amma a yi shi da tsari: na'ura a biya kashi-kashi a rubuce da shaida, tsinke da sauran kayan ƙarewa kuɗi hannu.

Ranar miƙa kaya ba a ajiye kwali a tafi. A kunna, a gwada a gaban inchaji, a koya wa mutum aƙalla biyu domin ana yawan sauya wa ma'aikata wurin aiki. A manna takarda guda da Hausa a jikin na'urar: yadda ake kunnawa, yadda ake tsabtacewa, abin da kowane kuka ke nufi, da lambar da za a kira. Gajeren bidiyo na WhatsApp yana taimaka wa na aikin dare. A cikin odar farko ka haɗo kayan gyara, wato matatai, fis, ɗamara, wayoyin yatsa, caja da kwalbar jiƙa iska, ka kuma ware inji ɗaya ko biyu na aro da za a bar wa asibiti yayin da nasu ke wajen gyara. Ka ɗauki mai gyara guda, masana'anta ta horar da shi ko ta bidiyo ne, ta ba shi littafin gyara, ya riƙa zagaye duk wata uku.

Littafi na ƙarshe shi ne na lambobi: wace na'ura, wace lambar jiki, wane rukunin tsinke, ya tafi wane asibiti, a wace rana. Idan masana'anta ko NAFDAC ta ce a janye wani rukuni, da wannan littafin za ka tattaro shi cikin kwana biyu. Idan na'ura ta cutar da mara lafiya ko tana ba da sakamakon da bai dace ba, mai riƙe da rajista ne ke da alhakin sanar da hukumar da masana'anta a rubuce. A shafin farko na littafin ka rubuta ranar da rajistar kowane kaya za ta cika shekara 5, da ranar ƙarewar ISO da takardar wakilci, ka fara neman sabuntawa aƙalla wata shida kafin lokacin, domin kayan da suka iso tasha da matacciyar rajista ba a sakinsu.